Takardun Dürer da hannuwan da suka bi

A birnin Nuremberg na Jamus duk inda mutum ya juya sai ya ci karo da sunan Albrecht Dürer, shahararren mai zanen da garin ya haifa. Filin jirgin saman garin sunansa aka sa masa, akwai titinsa, akwai dandalinsa, ga kuma wani ƙaton zomo na tagulla da aka girke tun 1984 a ƙofar gidansa, idanu a zazzare, yara na hawa kansa ana ɗaukarsu hoto. Abin da ya yi wa garin ƙaranci shi ne takardun da mutumin ya zana da hannunsa. Akwai 'yan zane-zanensa na fenti a babban gidan tarihin garin, amma zanen zomon na ainihi, wanda aka kwaikwaya aka yi na tagullar, da hannayen nan biyu masu addu'a da ake gani a kalanda, da garuruwa da tsaunukan da ya zana a kan hanya, duk sun daɗe da barin gida. Kaso mafi girma yana Biyana, babban birnin Ostiriya.

A kakar 2019 wani taron malamai ya kai ni kudancin Jamus. A daidai lokacin ne gidan adana zane na Albertina da ke Biyana ya fito da takardun na asali, abin da ba ya yi sai an shekara da shekaru. Da taro ya watse, bizata da sauranta, sai na ce maimakon in miƙe Biyana kai tsaye, bari in fara daga gidan mai zanen, in ratsa ta ɗaya daga cikin garuruwan da ya zana, sannan in je inda takardun suka yada zango.

Gidan yana can saman gari a gindin ganuwa, ƙarƙashin fadar da ke kan dutse. A 1509 ya saye shi, lokacin ya riga ya yi suna ya yi kuɗi. Ƙasa dutse, sama katako, matakala na ƙara in an taka. A wani ɗaki an haɗa injin buga zane irin na zamaninsa, a wani an jera duwatsu da garin launi da ake niƙawa a yi fenti. Wata mata sanye da tufafin mutanen da, da tarin mabuɗai a ƙugu, ita ke zagayawa da baƙi a matsayin Agnes matar gidan. Da Jamusanci take yi, don haka na bar su na bi ɗakunan ni kaɗai. Zanen fentin da ke rataye a bango kwafi ne.

Agnes ta gaske ita ce hannu na farko. Dürer ya rasu ranar 6 ga Afrilu 1528 yana da shekara 56, bai bar ɗa ba. Cikin abin da ya bari har da tarin takardun shagonsa: wasu gwaji ne, wasu abin da yake komawa ya duba in zai zana reshe ko ganuwa a bayan wani waliyyi, wasu kuma na nuna wa mai sayayya iyakar gwanintarsa. Agnes ta riƙe su har ta rasu a 1539, daga nan suka faɗa hannun dangi, ciki har da ƙanensa Endres, maƙerin zinariya. A irin wannan gaɓar takardu ke salwanta. Mai su ya tafi, magada ba su san darajarsu ba, ko sun sani amma bashi ya yi musu katutu.

Wanda ya tare su shi ne Willibald Imhoff, ɗan gidan attajirai masu fataucin za'afaran da kayan ƙamshi, kuma jikan Willibald Pirckheimer, aminin Dürer wanda ya tsara kalmomin da ke kan kabarinsa. An haifi Imhoff a 1519, yana ƙaramin yaro Dürer ya rasu. Da ya girma sai ya riƙa bin magada yana saye, ya haɗa da abin da ya gada ta wajen kakansa, ya adana takardun a cikin manyan kundaye. Ya rasu a 1580, ya bar wasiyya kada a raba tarin, ya zauna a cikin zuri'a. Shekara takwas wasiyyar ta yi. A 1588 magada suka sayar da mafi kyawun takardun ga Kaisar Rudolf na Biyu, mai sarautar daular da ta haɗa Jamus da Ostiriya a lokacin.

Da yamma na leƙa maƙabartar Johannis da ke bayan ganuwa. Kabarin shimfiɗaɗɗen dutse ne da farantin tagulla, bai fi na maƙwabtansa ba, an rubuta da Latin cewa duk abin da ke iya mutuwa na Albrecht Dürer yana ƙarƙashin nan.

Washegari na kama jirgin ƙasa zuwa Munich, na canza wani da ya kutsa cikin tsaunukan Alps har Innsbruck. Wannan hanyar Dürer ya bi wajajen 1495, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon aure, zai haura mashigar Brenner ya gangara Venice. A Innsbruck ya tsaya a gaɓar arewa ta kogin Inn ya zana garin da fentin ruwa, a takardar da faɗinta bai kai santimita 19 ba, tsayinta kuma kusan 13. Na sayi kati mai hoton tun a Nuremberg, shi na zaro daga aljihu da na tsallaka gada na bi gaɓar ina neman inda ya tsaya.

Kogin ruwansa kore ne mai haɗe da fari, ga gudu, ga iskar da ke tasowa daga gare shi tana ratsa riga uku. Ganuwar da ya zana da yawancin hasumiyoyinta babu su, gine-ginen baya sun cinye wurin. Tsaunin Patscherkofel ne kawai ke zaune a bayan gari yadda ya bar shi, da shi na daidaita katin. A zanen akwai wata doguwar hasumiya da ke kewaye da katakon magina, ana cikin aikinta. Wannan katakon shi ne kalandar masana: an san shekarun da aka yi ginin, don haka an san kusan lokacin da matafiyin ya wuce. Hasumiyar ma yau ba a gane ta, domin lokacin da Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta sake fasalin fadar garin a ƙarni na 18 an shigar da ita cikin sabon gini.

Tsayuwar da na yi a wurin ce ta sa na gane abin da ke sabo a takardar. A Turai ta wancan zamani, gari da tsauni da ruwa abin cike gurbi ne a bayan hoton annabi ko waliyyi ko basarake. A nan babu ko ɗaya. Gari ne, da inuwarsa a cikin ruwa, da gajimare. Babu wanda ya ba shi kwangila, babu cocin da ke jira. Saurayi ne a kan hanya ya ga wuri ya burge shi, ya zauna cikin sanyi ya jiƙa buroshi.

Innsbruck garin Kaisar Maximilian ne, wanda ke kan mulki a zamanin Dürer. Ɗan rufin nan da baƙi ke taruwa a ƙarƙashinsa, mai faranti 2,657 na jan ƙarfe da aka shafe da zinariya, a 1500 aka gama shi, Dürer bai same shi ba a wannan wucewar. A cocin fada kuma akwai ƙasaitaccen kabarin Maximilian, mutum-mutumi 28 na tagulla sun kewaye shi, amma babu kowa a ciki, domin a Wiener Neustadt aka binne shi. Na ci abinci a shagon wani Baturke kusa da tasha, wanda shi da 'yan'uwansa ne suka riƙe cikina a duk tafiyar, na kama jirgin Biyana, tafiyar awa huɗu da 'yan mintuna ta Salzburg.

Ɗan yayata da ke karatun injiniya a can shi ya tarye ni. Albertina tana bayan gidan opera, a kan ragowar tsohuwar ganuwar birni, ana hawa da matakala mai tafiya da kanta. Da ya hango layin mutane sai ya dube ni.

"Kawu, duk wannan layin saboda zomo?"

Na ce ya yi haƙuri mu shiga tukuna.

Ciki da duhu-duhu, sai ido ya saba. Haske yana cin takarda yana kashe launi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Shi ya sa ake rage fitila ƙwarai, a nuna takarda 'yan watanni sannan a mayar da ita cikin akwati ta huta shekaru. A ranakun da ba na irin wannan baje koli ba, kwafi masu kyau ake ratayewa a ɗakunan fadar, kuma an rubuta cewa kwafi ne. Ni dai ban ga laifin wannan ba, musamman da na tsaya gaban Innsbruck ta asali. Ta fi ƙanƙanta a ido fiye da yadda lissafin santimita ya shirya ni, amma shuɗin ruwanta ya fi na katin da ke aljihuna rai, katin da aka buga bana. Shekara ɗari biyar ke nan, kuma sirrin bai wuce cewa mafi yawan shekarun a rufe ta yi su ba, tsakanin shafi da shafi, a ɗakin da mutum ɗaya ko biyu ke da mabuɗinsa.

Jama'a sun yi dafifi a gaban zomon na 1502 da guntun ciyawar nan ta 1503, sai an yi turereniya. Mu muka zarce inda ba kowa sosai, gaban hoton Maximilian da aka yi da baƙin alli da ɗan alli mai launi. Baƙin allin nan ba irin na allon makaranta ba ne. Wani dutse ne mai laushi da ake haƙowa daga ƙasa a yanka shi sanda-sanda, jan kuma daga ƙasa mai ƙarfe yake. Tawada tana shiga cikin takarda ta zauna, alli kuwa a sama yake kwanciya, gari ne kawai da ya maƙale a kaushin takardar. Yatsa ɗaya ya isa ya share kunci, shafin da ke fuskantarsa a kundi ma yana iya kwashe rabinsa. Duk da haka ga tsohon nan da dogon hancinsa da idanu a lumshe, alamar gajiya a fuskarsa. A kusurwar sama Dürer ya rubuta da hannunsa cewa wannan Kaisar Maximilian ne, shi Albrecht Dürer ya zana shi a Augsburg, can saman fada a ɗan ƙaramin ɗakinsa, a 1518, ranar Litinin bayan bikin Yahaya mai baftisma. Ranar 28 ga Yuni ke nan. A Janairun 1519 Kaisar ya rasu.

Yaron ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tambayar da ta fi ta farko: "To Kawu, ta yaya aka san shi ya yi? Ai ko ni zan iya rubuta sunansa a kusurwa."

Ya yi gaskiya, kuma an sha yin hakan. Tun takardun suna gidan Imhoff wani gwani mai suna Hans Hoffmann yake shiga yana kwafe su, zomon ma ya kwafe shi ba sau ɗaya ba, har Rudolf ya ɗauke shi aiki a fadarsa a 1585. Haruffan A da D da Dürer ke sa hannu da su kuwa an ɗora su a kan takardun da bai taɓa gani ba. Don haka masana ba sa tsayawa ga ido kaɗai. Suna duba takardar kanta da tambarin masana'antar da ke ɓoye a cikinta, suna duba salon hannu, sannan suna bin wanda ya karɓa daga wa. Na ce masa ya ɗauke shi kamar isnadin hadisi: wane daga wane daga wane, in sarƙar ta yanke a tsakiya sai a fara ɗar-ɗar da abin, komai kyansa. Masu tara zane da yawa suna buga ɗan ƙaramin hatiminsu a gefen takarda, har wani masani ɗan Holan, Frits Lugt, ya tattara hatiman nan a littafi guda a 1921, kuma har gobe da lambobinsa ake kiransu.

Sarƙar takardun Biyana tana cikin masu ƙarfi. Rudolf na Biyu, wanda ya mayar da fadarsa Prague, son aikin Dürer ya kai shi inda da ya sayi wani babban allon fenti nasa daga wani coci a Venice a 1606, bai yarda a ɗora shi a keken doki ba, sai ƙarti suka ɗauko shi a kafaɗa suka haura Alps da shi. Bayan rasuwarsa a 1612 magadansa suka kwashe kundayen zuwa Biyana, kuma wannan ƙaurar ce ta cece su, domin a 1648 sojojin Suwidin sun shiga fadar Prague sun yi awon gaba da abin da suka samu. A 1783 aka mayar da takardun ɗakin karatu na fada.

Sai Albert, wanda gidan Albertina ke ɗauke da sunansa. Ɗan sarkin Poland ne, amma ba shi ne magaji ba, arzikinsa ta aure ya zo: a 1766 ya auri Maria Christina, 'yar lelen Maria Theresa. Shi da ita suka fara tara zane, a 1776 jakadan Ostiriya a Venice ya miƙa musu kusan zanen bugu dubu da ya tattaro musu, daga nan ake ƙirga kafuwar tarin. An tura su mulkin yankin da yau ake kira Beljiyam, sojojin juyin juya halin Faransa suka kore su a 1792, a gudun nan jirgin ruwa ɗaya da ke ɗauke da kayansu ya nutse da wani ɓangare na tarin. A 1796 Albert ya yi musaya da Kaisar Franz: ya ba da zanen bugu, aka ba shi zanen hannu, ciki har da takardu 371 da ke ɗauke da sunan Dürer. A wancan lokaci ɗakin karatun fada ya fi ganin ƙimar abin da aka buga a kan abin da aka zana da hannu. Ban san cinikin da ya fi wannan riba ba a tarihin zane.

Yau kusan 140 ne suka rage a gidan. Yaron, da yake mutumin lissafi ne, nan take ya cire ya ce to ina sauran ɗari biyu da wani abu?

Kafin in ba shi amsa muka iso gaban wata takarda da ta tsayar da mu duka biyu. Kan wani baƙar fata ne da aka zana da gawayi, da shekarar 1508 a sama. Mutum ne a cikin ƙarfinsa, da ɗan gemu, yana duban gefe, kuma an zana shi da natsuwar da aka zana Kaisar, babu zolaya babu ƙari. A Venice da Antwerp da sauran biranen ciniki na lokacin akwai 'yan Afirka, wasu bayi, wasu barori, wasu masu tuƙa kwalekwale. A 1521 a Antwerp Dürer ya zana wata budurwa baƙa da ke aiki a gidan wakilin cinikin Fotugal, ya rubuta sunanta Katharina da shekarunta 20, takardar tana Florence. Wannan mutumin kuwa bai rubuta sunansa ba. Ana iya jero waɗanda suka mallaki takardar, attajiri da kaisarori da surukin sarauniya, amma mai fuskar ba a ajiye ko harafin farko na sunansa ba. Yaron ya ce ya yi kama da wani mai gyaran babur a unguwarsu. Na duba da kyau, ban musa masa ba.

Amsar tambayarsa a waje na ba shi, muna shan shayi a tsaye muna kallon dandalin da ke gaban gidan. Ba wuta ce ta ci takardun ba, ba ruwa ba. A farkon ƙarni na 19, musamman wajajen 1809 da sojojin Napoleon suka mamaye Biyana, takardun Dürer suka riƙa fita daga tarin Albert a ɓoye, kuma wanda masana tarihi ke zargi shi ne mutumin da aka damƙa wa kula da su. Da ɗan gari akan ci gari. Janar Andréossy, wanda Faransa ta naɗa gwamnan birnin a shekarar, ya koma gida da rabonsa, daga baya wasu suka faɗa hannun mai zanen Ingila Thomas Lawrence. Sauran suka bi ta hannun dillalai suka watsu. Takardun Dürer da dama da ake alfahari da su yau a wasu ƙasashe ta wannan ƙofar suka fita.

Abin da ya rage ya zauna a gidan sarauta, daga Albert da ya rasu a 1822 zuwa ɗan riƙonsa Karl da zuri'arsa, har daular ta rushe, sabuwar jamhuriya ta karɓe ginin da tarin a 1919. Ranar 12 ga Maris 1945 jiragen Amurka suka yi wa unguwar ruwan bama-bamai, fadar ta lalace ƙwarai, ɗaruruwan mutane suka mutu a ƙarƙashin wani babban gida da ke daidai dandalin da muke kallo, inda yanzu aka kafa abin tunawa da yaƙi. Takardun an riga an kwashe su an ɓoye. Ko a 2009, bayan an gina sabuwar ma'ajiya ta zamani a ƙarƙashin ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga, sai da aka fitar da tarin gaba ɗaya.

Waɗanda suka fita tun 1809 ba duka ne suka sami wannan sa'ar ba. Wasu sun isa Bremen a arewacin Jamus, hannun wani ɗan majalisar birnin, Hieronymus Klugkist, wanda ya bar su wasiyya ga gidan zanen garin a 1851. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka kai su wata fada da ake kira Karnzow, arewa da Berlin, don gudun bam. A 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka sauka a fadar. Wani hafsa cikinsu, Viktor Baldin, wanda ya karanci zanen gine-gine kafin yaƙi, ya shiga ɗakin ƙasa ya tarar da takardu zube ana tattaka su. Ya tsince 362, har da na Dürer, da ƙananan zanen fenti biyu, ya cusa a akwati ya kai Mosko, ya miƙa su ga gidan tarihin gine-gine, wanda daga baya ya zama shugabansa. Tun zamanin shugaba Brezhnev yake rubuta wa shugabannin ƙasarsa wasiƙa yana cewa kayan Bremen ne, a mayar musu. A 1991 aka ɗauke su daga gidan tarihin aka kai gidan adana zane na Hermitage da ke St. Petersburg. Ya rasu a 1997. A 2003 an kusa mayar da su, 'yan majalisar Rasha suka tayar da ƙura aka fasa, kuma har yanzu suna can.